Me ya sa katun ɗin Japan bai yi kama da na Amurka ba?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce yaranka sun ƙwallafa rai a kan katun, kai ma kakan zauna ka taya su kallo, har ka lura na Japan manyan idanu gare su, labarin kuma kamar ba zai ƙare ba, alhali na Amurka da ka sani tun kana yaro minti bakwai an gama, kyanwa ta kori ɓera, an yi dariya an watse. Kana so ka san inda abin ya samo asali, da abin da ya sa kowace ƙasa ta kama nata layin.

Koyar da zane shi ne aikina, kuma da wuya shekara ta wuce wani ɗalibi bai ce mini ai halin mutanen ne ba, wai Japanawa haƙuri gare su, Amurkawa kuma son barkwanci. Ni dai ban taɓa gamsuwa da wannan ba. In kana so ka gane salon zanen wata ƙasa, ka tambayi wa ke biyan mai zanen, a kan wace irin takarda ake bugawa, sau nawa kuma a wata ake tsaye a kansa ana jiran sabon aiki. Kusan duk abin da ka lura da shi daga nan ya fito, har da idanun.

Ita kalmar katun 'yar'uwar katan ce, wanda ake zuba taliya ko sabulu a ciki. Dukansu daga kalmar Italiyanci ta takarda mai kauri suka fito, irin wadda masu zanen bango kan fara gwada aikinsu a kai. A 1843 aka baje irin waɗannan zane-zanen gwaji a Landan, na ƙawata sabon ginin majalisa, sai mujallar Punch ta yi wa abin shaguɓe da wani zanen John Leech, inda talakawa sanye da tsumma suke tsaye suna kallon hotunan alfarma. Ta kira shi katun na ɗaya, sunan kuwa ya bi zanen ba'a tun daga ranar. Shi kuma jera hotuna gida-gida su ba da labari, da rubutu a ƙarƙashin kowanne, yawancin masana suna kai shi ga Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta a birnin Janeba, wanda ciwon ido ya hana shi zama mai zanen fenti. Ya koma yana zana wa ɗalibansa labaran ban dariya, ya fara buga su a shekarun 1830.

Amma inda abin ya zama kasuwa, birnin New York ne. Attajirai biyu masu jaridu, Joseph Pulitzer da William Randolph Hearst, suna kishin juna kamar matan gida ɗaya, birnin kuma cike yake da baƙin da suka zo ci-rani daga Turai, da yawansu Turancinsu bai nuna ba. Hoto ba ya bukatar tafinta. A 1895 jaridar Pulitzer ta fara buga zanen wani yaro mai aski ƙwal da doguwar riga rawaya, ana rubuta maganarsa a jikin rigar. Ganin yadda jarida ke tafiya, a 1896 Hearst ya saye mai zanen, Richard Outcault, ya dawo da shi wajensa. Daga baya aka kafa kamfanonin da ke sayar da zane ɗaya ga ɗaruruwan jaridu. To wanda ya sayi jarida yau ba lalle ne ya sayi ta jiya ba, don haka dole labari ya fara ya ƙare cikin gida huɗu, na ƙarshe ya ba da dariya. Tushen gajeren barkwancin Amurka ke nan.

Littafin zane mai zaman kansa kuwa sai a shekarun 1930 ya zo, ana sayar da shi santi 10. Da farko tsofaffin zanen jaridu ake tattarawa, da suka yi kaɗan aka nemi sabo mai araha. A 1938 wasu samari biyu daga Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da Superman ga kamfani a kan dala 130, da shi da duk haƙƙinsa. Wannan cinikin ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri, domin shi ya aza tsarin da Amurka ke kai har yau: jarumin mallakar kamfani ne, marubuci da mai zane 'yan ƙwadago ne, in sun gaji a kawo wasu. Shi ya sa jaruminsu ba ya tsufa, in ma an kashe shi bana baɗi za a tashe shi. Wa zai yanka saniyar da yake tatsa?

Kada ka ɗauka jarumai masu tashi sama kaɗai suke da su a da. Zuwa farkon shekarun 1950 akwai labaran soyayya, na yaƙi, na 'yan fashi, na ban tsoro, manya ma suna karantawa. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora wa waɗannan littattafai alhakin lalacewar yara, majalisar dattawa ta yi zama a kai. Kafin gwamnati ta sa musu takunkumi, masu bugawa suka sa wa kansu: dole nagari ya yi nasara a kowane labari, ba a zana ɗan sanda ko alƙali ta hanyar da za a raina shi, ba jini, ba gawa mai tafiya. Wanda bai samu hatimin amincewa a bangonsa ba, dillalai ba sa ɗauka. Labaran laifi da na ban tsoro suka mutu, fili ya zama na jarumai, musamman da kamfanin Marvel ya shigo da nasa daga 1961. Shekara da shekaru bayan haka Ba'amurke ya ɗauki littafin zane abin yara.

A Faransa da Beljiyam hanyar daban ce. Labarin zane na Tintin, wani matashin ɗan jarida mai yawon duniya, ya fara fitowa ranar 10 ga Janairu 1929 a shafin yara na wata jaridar Katolika a Burasal, kaɗan-kaɗan kowane mako, in labari ya kammala a ɗaure shi ya zama littafi. Mujallu irin su Spirou, wadda ta fara a 1938, da Pilote, inda Asterix ya fito a 1959, duk haka suka yi. Littafin da ake samu a ƙarshe babba ne, mai bango mai tauri, da launi, galibi shafi 48, ana sayar da shi a kantin littattafai, uba ya saya wa ɗansa kyauta, a ajiye a kanta har jika ya tarar. Mai zanen da yake da kusan shekara guda a kan shafi 48 yana da lokacin zana kowace taga ta kowane gini, kuma ya san za a sake buɗe shafin sau goma. Shi ya sa in ka buɗe nasu za ka ga shafi a cike, layi tsaf, mota kamar ka shiga. Doka ma ta taimaka musu. A watan Yulin 1949 Faransa ta kafa dokar sa ido kan abin da ake buga wa yara, wadda 'yan Katolika da 'yan gurguzu, da ba sa ga-maciji, suka haɗu a kanta saboda dukansu ba sa son kayan Amurka. Da ƙofa ta ƙuntata ga baƙo, 'yan gida suka miƙe ƙafa. Yau zanen labari fasaha ce mai daraja a wurinsu, da bikinta da aka fara a garin Angoulême a 1974.

Ba zan wuce Tintin ban faɗi abin da ke raina ba. Labarinsa na biyu, na 1930 zuwa 1931, a Kwango aka kafa shi lokacin tana hannun Beljiyam, kuma yadda aka zana baƙar fata a ciki, da manyan leɓɓa da hankalin yara, abin kunya ne. A bugun farko Tintin ya shiga aji yana koya wa yaran Kwango labarin "ƙasarsu" Beljiyam. Da aka sake zana littafin a 1946 sai aka mayar da darasin na lissafi, fuskokin kuwa aka bar su yadda suke. Nakan nuna wa ɗalibaina shafukan don su ga hannu mai kyau yana iya zana ƙarya.

Yanzu mu zo kan mai motsi, wanda shi yaranka suke kallo. Sai ka riƙe lissafi ɗaya. Fim yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu, kana bukatar zane 12 a daƙiƙa. Shiri na minti 22 zai ci kusan zane 16,000. Darasin farko da nake ba sababbin ɗalibai shi ne su zana mutum yana ɗaga hannu ya yi gaisuwa, a kusurwar littafin rubutu, shafi 12, su karkaɗa shafukan da babban yatsa. Sukan shafe awa biyu, wasu kan mutumin ya kumbura a shafi na bakwai ya koma daidai a na tara. In sun gama sai in ce musu, to kun yi daƙiƙa ɗaya. Daga ranar ba wanda ya ƙara raina mai yin katun.

Kafin talabijin, gidan silima ke biyan wannan wahala. Ana sa gajeren katun na minti shida ko bakwai kafin babban fim, kamfanoni kuma suna tilasta wa masu silima su sayi kayansu a dunƙule, da fim da katun. Da wannan kuɗin Disney ya yi Mickey mai sauti a 1928, da shi William Hanna da Joseph Barbera suka yi Tom and Jerry a kamfanin MGM daga 1940, kowane gashin baki na kyanwar yana motsi, har suka ci kyautar Oscar bakwai. Minti bakwai ɗin da ka tuna, tsawon jiran babban fim ne. A 1948 kotun ƙoli ta hana wancan cinikin dole, talabijin kuma ya fara janye mutane daga silima. A 1957 MGM ya rufe sashen katun, mutanen nan biyu suka wayi gari ba aiki.

Talabijin ya karɓe su, amma da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda suka saba ba. Dabarar da suka yi tana nan a fili in ka san inda za ka duba. Ka kalli Yogi Bear, wanda ya fito a 1958: dabbar daji tsirara, amma da kwalar riga da lakataye a wuya. Ba ado ba ne. Ana zane a kan filastik mai nuna bayansa, ana ɗora wani kan wani. Gangar jiki zane ɗaya ce, ba ta motsi, kai ne kaɗai ake canzawa, kwalar kuma ita ke rufe mahaɗar. Fred Flintstone ma da nasa lakatayen, matarsa da sarƙar duwatsu. In suna gudu a cikin ɗaki, ka ƙirga sau nawa kujera ɗaya da taga ɗaya suke wucewa a bayansu. Da motsi ya yi tsada sai nauyi ya koma kan magana da murya. Masu talla kuma suka gano safiyar Asabar yara suna gida, sai ta zama kasuwar masu hatsin karin kumallo da kayan wasa. A farkon shekarun 1980 gwamnatin shugaban Amurka Reagan ta sassauta ƙa'idar tallan yara, abin ya juye gaba ɗaya: a fara ƙera ɗan tsana, sannan a yi masa katun. He-Man na 1983 haka aka haife shi, kashi 65 a tashi ɗaya, don ya cika ranakun aiki na mako 13.

Japan ta ci karo da wannan matsalar kuɗi, har ta fi tsanani, amma ta zo mata da wani gado daban. Tun shekarun 1930 akwai masu yawo da keke a unguwannin Tokyo, da ƙaramin akwatin katako a baya. Mutum ya tsaya ya buga 'yan sanduna biyu, yara su taru, ya sayar musu da alewa, wanda ya saya shi ke gaba. Sai ya riƙa zare allunan hoto ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari da bakinsa, yana canza murya. Daidai inda labari ya yi zafi sai ya rufe akwati, sai gobe. In bai bar su da ƙishirwa ba, gobe ba mai sayen alewa. Ana kiran wannan sana'a kamishibai, kuma da talabijin ya kashe ta, da yawa daga masu zana allunan suka koma zanen littafi, da wannan ɗabi'a ta "sai gobe" a hannunsu.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasar a rushe take, ba kuɗin silima, ba takarda mai kyau. A Osaka ana buga ƙananan littattafai masu arha a kan takarda mara daraja, kuma a nan wani ɗalibin likitanci, Tezuka Osamu, ya fitar da wani labari mai kusan shafi 200 a 1947, wanda ya sayu ba kama hannun yaro. Ga abin lura. Takarda mai arha, ba launi, shafi kuma ba shi da tsada. Abin da Ba'amurke zai cusa a gida ɗaya, Tezuka sai ya shimfiɗa shi a shafi uku: mota daga nesa, ta matso, fuskar direba, idonsa kaɗai. Kamar mai riƙe da kyamara. Manyan idanun da ka tambaya a kai ma a wurinsa suka yaɗu, kuma abin dariyar shi ne daga Amurka ya aro su, domin mayen finafinan Disney ne da na 'yan'uwan Fleischer. A zanen baƙi da fari, inda ba launin da zai nuna fushi ko kunya, ido ne wurin da za ka zuba duk abin da ke zuciya, don haka aka faɗaɗa shi. Mujallun 'yan mata suka ƙara masa girma da ƙyalli, musamman da mata suka karɓe zanen nasu a shekarun 1970.

A 1959 aka fara mujallun samari na mako-mako. Kauri gare su, ɗaruruwan shafuka, labarai kusan ashirin a ciki, a karanta a jirgin ƙasa a yar. Shonen Jump, wadda ta fara a 1968, tana sa katin zaɓe a ciki, masu karatu su aiko da labaran da suka fi so. Wanda ya daɗe a ƙasan jeri a yanke shi, ko da bai kai wata uku ba. Wanda ke sama kuwa ba za a bar shi ya huta ba. Dalilin da labarinsu ba ya ƙarewa ke nan: muddin ƙuri'a na zuwa, sai an nemo wa jarumi sabon abokin gaba da ya fi na baya. One Piece tun 1997 ake yinsa. A 1995 mujallar ta kai kwafi miliyan 6.53 a mako guda. Sai dai akwai bambanci babba da Amurka. Labarin yana hannun wanda ya ƙirƙire shi, don haka jarumi yana girma, ya yi aure, ya haihu, abokinsa ya mutu mutuwar gaske, wata rana kuma a rufe littafin. Da masu karatu suka girma ba a sake su ba, aka buɗe musu nasu mujallun: na ma'aikacin ofis, na matar aure, na mai son girki, na mai kamun kifi.

Ranar 1 ga Janairu 1963 Tezuka ya kai yaronsa na ƙarfe, wanda duniya ta sani da Astro Boy, gidan talabijin na Fuji, rabin awa kowane mako. Masana'antar ta ce ba zai yiwu ba, ga lissafin da na ba ka a sama. Ya kuma karɓi aikin a farashin da bai kai abin da yake ci ba. Yadda ya yi shi ne, zane takwas a daƙiƙa in an matsa, sau da yawa ƙasa da haka. Baki iri uku kacal: a rufe, rabin buɗe, a buɗe. A zana hoto ɗaya mai faɗi a ja kyamara a kansa. A tsayar da fuska cak, kiɗa na tashi, murya na faɗin abin da ke ran jarumi. Duk wani motsi da aka taɓa zanawa, tashi sama ne ko naushi, a adana shi a sake ɗaukowa mako mai zuwa. Giɓin kuɗin kuma a cike shi da kayan wasa, da hotunan mannawa da wani kamfanin cakulan ke sawa a cikin kayansa, da sayarwa ƙasashen waje. Ya yi kashi 193 cikin shekara huɗu.

Hanna da Barbera sun rage motsi suka cike da barkwanci, don daga gajeren barkwanci suka fito. Tezuka ya rage motsi ya cike da dogon labari da damuwar zuciya, don abin da ke hannunsa ke nan. In ka ga ɗan ƙwallo a Captain Tsubasa ya ɗaga ƙafa zai buga, sai aka tsaya ya tuno mahaifinsa da alƙawarin da ya yi wa abokinsa, filin wasa kuma ya ƙi ƙarewa, dabarar tsimi ce ta zama salo, har waɗanda ke da kuɗi yanzu ma suna yin ta don an saba da daɗinta. Amma an biya farashi. Kamfanin Tezuka ya karye a 1973, ƙaramin albashi kuma ya zama gado ga masu zanen katun a Japan. Miyazaki Hayao, wanda ya kafa kamfanin katun na Ghibli da abokansa a 1985, ya fito fili bayan rasuwar Tezuka a 1989 ya ɗora masa alhakin haka. Ina ganin yana da gaskiya, ko da yake ba don wancan kasadar ba da ban san ko za a samu masana'antar da zai yi ƙorafi a cikinta ba.

Arhar nan ita ta kai katun ɗin Japan ko'ina. Gidan talabijin da ba shi da kuɗin yin nasa zai sayi kashi saba'in a farashi mai sauƙi, ya sa a juya murya, kuma baki mai iri uku yana karɓar kowane harshe. Grendizer, katun ɗin Japan na 1975, ya shiga Faransa a 1978 da sunan Goldorak, iyaye suka yi ta kuka da yawan faɗa, yara ko a jikinsu. Shi ne kuma aka juya zuwa Larabci a Labanan, da tsantsar Larabcin littafi, ya mamaye ƙasashen Larabawa. Tsubasa ya koma Kaftin Majid. Daga baya Dimashƙu ta zama cibiyar juya murya, tashar Spacetoon ta zo a 2000, kuma 'yan'uwanmu da suka tashi a Sudan ko Saudiyya za su gaya maka nawa ne daga Larabcinsu na littafi suka tsinta a bakin katun. Mu kuma a Najeriya Voltron muka sha a NTA, muna ɗauka na Amurka ne. Na Japan ne, na 1981, Amurkawa suka saya suka yi masa kwaskwarima a 1984. A na asali ɗaya daga matuƙa biyar ɗin ya mutu, a wanda muka gani aka ce rauni ya ji an kai shi jinya.

In kana son ganin abin da ke faruwa idan ba ɗan kasuwa ke biya ba, duba Tarayyar Sobiyat. Gwamnati ta kafa gidan katun na Soyuzmultfilm a Mosko a 1936, mai zane ma'aikacin gwamnati ne, ba mai talla a kansa, ba ɗan tsanan da zai sayar. Suna da nasu na kerkeci da zomo, Nu, pogodi!, kuma tsakanin 1969 da 1986 kashi 16 kawai suka yi. Ka ajiye shi kusa da 193 na Tezuka. Lokaci gare su, don haka suka yi ta gwaji da 'yan tsana, da yankakkiyar takarda, da fenti a kan gilashi. Yuri Norstein ya yi fim na minti goma a 1975 a kan bushiyar da ta ɓace cikin hazo, wanda har yau masu sana'ar ke sara masa, kuma tun 1981 yake kan wani fim ɗin bai gama ba. Wanda ke tsaye a kansu shi ne mai tace fim, shi ya sa suka fake a bayan dabbobi da tatsuniya. Littafin zane irin na Amurka kuwa hukuma ta ɗauke shi shirmen 'yan jari-hujja, bai samu gindin zama ba. Da Tarayyar ta wargaje a 1991 kuɗin ya ɗauke, masana'antar ta durƙushe, sai da aka shekara da yawa kafin ta farfaɗo.

Sauran sai in taɓa su a gurguje. Koriya ta Kudu ta daɗe tana yi wa Amurka da Japan aikin hannu, The Simpsons ma a Seoul aka zana yawancinsa, sannan a farkon shekarun 2000 ta fito da labarin zane na intanet, wanda ba shafi, dogon zare ne daga sama zuwa ƙasa. Da waya ta zo sai ya dace da babban yatsa, tazarar fari tsakanin hoto da hoto ta zama wurin jan numfashi. A Indiya, Anant Pai ya ga gasar kacici-kacici a talabijin inda yara suka amsa tambaya a kan tatsuniyar Girka suka kasa amsa ta Ramayana, tsohon labarin ƙasarsu, ya fara jerin littattafan zane na Amar Chitra Katha a 1967. A Ajantina abin ya haɗu da siyasa har ya ci rai: Héctor Oesterheld, wanda a 1957 ya fara shahararren ƙagaggen labarin zane a kan mamayar birnin Buenos Aires, sojoji suka ɗauke shi a 1977, ba a sake ganinsa ba.

Mu fa? Hannu ba mu rasa ba. Akinola Lasekan ya riƙa caccakar mulkin mallaka da zane a jaridar West African Pilot ta Azikiwe tun shekarun 1940. Wale Adenuga ya fara mujallar zane ta Ikebe Super a Legas a 1976, ta sayu sosai, Papa Ajasco ma daga cikinta ya fito kafin ya koma talabijin da mutane na gaske. Wannan komawar ita ce labarinmu a taƙaice: takarda ta yi tsada bayan tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, ɗaukar ɗan wasa a gaban kyamara kuma ya fi zana shi sau dubbai sauƙi, gidan talabijin kuwa ya gwammace ya sayo na waje. Ba a samu mai biya na dindindin ba, ko jarida, ko mai alewa, ko gwamnati. Waɗanda suka yunƙura daga baya, irin su Adamu Waziri da ya yi Bino and Fino a Abuja, ta faifai da YouTube suka nemi masu kallo.

Wanda nake so ka nema ka nuna wa yaranka shi ne Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Bakanike ne da farko, ya koya wa kansa zane, ya yi aiki da Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga yadda mai yin katun Norman McLaren ke aiki. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, kimanin minti biyar, layi baƙi a kan fari, ba wani ado. Shugaban ƙasar kwaɗi ne zai kai ziyara maƙwabta: ga jirgi, ga faretin sojoji, ga gaisuwar ban girma, kowa ya kumbura kamar yadda kwaɗo ya iya. Shekara shida ke nan da samun 'yanci, kowa ya san da wa ake. Daga baya ya zauna a Tawa, ya mayar da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aiki, yana haɗa 'yan tsana da hannunsa yana ɗaukar su hoto ɗaya-ɗaya. Cikin abin da ya yi har da wani mai suna Kokoa, wato kokawa, inda kwaɗi da wasu dabbobi ke shiga fili suna kama juna, 'yan kallo sun kewaye su. Gajeru ne, ana samun wasu a intanet, kuma yara ba sa bukatar Faransanci kafin su gane wa aka kayar.